Ɗigon da Ya Motsa a Jikin Igiya

A gidansu Auta akwai mutum huɗu da mesa ɗaya. Da Yaya ya tafi jami'a, sai aka koma mutum uku. Mesar ba ta bi shi ba, don jami'ar ba ta ɗaukar irinta.

Sunanta Igiya. Baba ne ya raɗa mata. Ƙaramar mesa ce marar dafi, tsawonta bai wuce hannun Baba ba. Tana zaune a akwatin gilashi a ɗakin Yaya. A ciki akwai kwanon ruwa, da ɗan kogon da take ɓuya, da ɓarzajjen ɓawon itace a shimfiɗe a ƙasa. Babban aikinta barci ne. Idan ta tsorata, sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya.

Mama tela ce, keken ɗinkinta yana falo. Ba ta taɓa kiran Igiya da sunanta ba. "Wannan abin" take ce mata. Ɗakin Yaya kuwa, daga bakin ƙofa take gaishe shi.

Ranar da Yaya zai tafi, ya kira Auta gaban akwatin.

"Na bar miki ita amana," in ji shi. "Doka ɗaya ce babba. Duk abin da zai shiga akwatin nan, ko tsinke ne, ki wanke shi da ruwan zafi, ya bushe. Idan kuma daga wurin wani macijin ya fito, kada ma ya shigo ɗakin."

"Na ji, Yaya."

Mama ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Ni ma ina da doka ɗaya," ta ce. "Ranar da wannan abin ya jawo mini matsala, ranar zai bar gidan nan."

Auta ta riƙe dokar Mama sosai. Ta Yaya ce ba ta riƙu ba.

Wata rana a makaranta, yaron da suke zama benci ɗaya ya zaro wani guntun itace daga jakarsa. Itacen yana da rami a tsakiya, kamar an yi shi don mesa ta shiga ta kwanta.

"Kawuna yana sayar da dabbobin gida," in ji yaron. "Daga akwatin wani macijinsa ya cire wannan. Zai yar, na ce ai na san mai so."

Auta ba ta tambayi abin da ya sa kawun zai yar da itace mai kyau haka ba. Tambaya ce mai amfani. Sai dai ba ta zo mata ba a lokacin.

Da ta koma gida, ta juya itacen ta duba. Fes yake. Ta tuna da ruwan zafi. Amma dafa ruwa sai an shiga kicin, Mama kuma za ta yi tambaya, bushewa kuma sai gobe. Sai ta hure itacen da baki, ta goge shi da hannun rigarta, ta sa a akwati.

Igiya ta zaro harshe ta sansana. Ta sulale cikin ramin ta kwanta, kanta kawai a waje. Auta ta yi tsalle don murna.

Aka kwana biyu, komai lafiya.

Daga nan Igiya ta canza hali. Ta bar ramin itacen, ta bar kogonta, ta koma cikin kwanon ruwa. Da safe tana ciki. Auta ta dawo daga makaranta, tana ciki. Aka ba ta abinci, ta kau da kai.

Baba ya leƙo wata safiya zai tafi aiki.

"Auta, mesarki ta shiga jam'iyyar kifaye ne?"

"Zafi take ji, Baba."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ki ce ta rage mana ruwan."

Da Baba ya fita, Auta ta matsa kusa da gilashin. A saman ruwan akwai wasu baƙaƙen ɗige-ɗige, kamar an barbaɗa masoro. Ta ɗaga Igiya a hankali. Akwai irinsu a gefen idonta. Akwai a ƙarƙashin haɓarta. Akwai tsakanin ɓawon jikinta.

Sai ɗigo ɗaya ya motsa.

Ya sauko daga jikin Igiya, ya hau bayan hannun Auta, yana tafiyarsa ba gaggawa. Ta danne shi da yatsa. Da ta ɗaga yatsan, sai ta ga ɗan ja.

Jini ne. Kuma ba nata ba ne.

Ta kalli guntun itacen. Itacen bai ce komai ba, amma ta gane.

Ta ji ƙarar keken Mama daga falo. Ta tuna da dokar Mama. Ƙwari a gida ai matsala ce. Idan Mama ta ji, Igiya ta bar gidan ke nan. Me za ta ce wa Yaya?

Sai ta zubar da ruwan, ta zuba sabo, ta ja ƙofa ta rufe.

Haka ta riƙa yi kullum kafin ta tafi makaranta. Kullum ɗige-ɗigen suna ƙaruwa. Ƙwari ba su san ana ɓoye su ba.

Yaya ya bugo waya ranar Laraba.

"Ya mutuniyata?"

"Lafiyarta lau."

"Ta ci abinci?"

"Ta... kusa ci."

"Muryarki wani iri, Auta."

"Mura ce," in ji ta, ta miƙa wa Mama wayar da sauri.

Washegari a aji, Malamar kimiyya tana bayani a kan jijiyoyin ganye. Auta tana kallon allo, amma ɗige-ɗige take gani. Da aka tashi, ta tsaya a gaban teburin Malama.

"Malama, me ke kashe ƙananan ƙwari?"

"Wane irin ƙwari? A ina suke?"

"A... gida."

Malama ta cire tabarau ta dube ta.

"Magunguna suna da yawa. Amma kowane ƙwaro da nasa, kuma duk guba ne. Ba kayan yara ba ne. Ki gaya wa iyayenki. Ko akwai abin da kike so ki gaya mini?"

"Babu, Malama."

Maganar Malama tana da kai, tana da jela. Auta ta ɗauki kan, ta bar jelar a aji.

Ranar Asabar da rana Baba ya fita. Mama tana falo tana fama da rigar da za a zo karɓa da yamma. Auta ta shiga kicin a kan yatsun ƙafa. A ƙarƙashin wurin wanke kwanuka akwai dogon gwangwanin maganin feshi. Ta ɓoye shi a bayanta, ta wuce ɗakin Yaya.

A jikin gwangwanin akwai hoton sauro, da kyankyaso, da tururuwa. Duk sun yi rigingine. Babu hoton maciji. Auta ta ɗauki wannan a matsayin albishir. Akwai kuma ƙananan rubutu da yawa a baya, amma tana sauri.

Ta buɗe murfin akwatin. Ta fesa a kusurwa. Ta fesa a kan itacen. Ta fesa a ƙasa. Ta ga ɗige-ɗige a bayan Igiya, sai ta ɗan fesa nan ma. Sannan ta mayar da murfin, ta lulluɓe shi da tawul don kada warin ya kai falo.

Ta zauna a bakin gado tana jira.

Da farko babu abin da ya faru. Ta fara jin daɗi.

Can sai Igiya ta fito daga kwanon da sauri. Auta ba ta taɓa ganin ta yi sauri ba. Ta bi jikin gilashin tana neman hanya. Ta buɗe baki. Kanta ya fara rawa, yana karkarwa kamar ganye. Ta yi ƙoƙarin dunƙulewa, abin da ta fi iyawa a duniya, ta kasa. Sai ta murɗe, ta kife, farin cikinta yana kallon sama.

"Igiya! Igiya, tashi!"

Mesa ba ta amsa kira ko da tana lafiya. Auta ta sani. Duk da haka ta sake kira.

Keken Mama yana ta ƙara a falo. Auta ta kalli ƙofa. Ta kalli akwatin. Idan ta faɗa, Igiya za ta bar gidan. Idan ta yi shiru, Igiya za ta bar duniya.

Ta ruga a guje.

"Mama! Mama, na fesa wa Igiya maganin sauro! Tana mutuwa!"

Keken ya tsaya cak.

"Kin fesa mata me?"

"Ƙwari ne a jikinta. Na ɓoye miki. Mama, don Allah!"

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye faɗan, kamar yadda take ajiye ƙyallen da zai yi amfani daga baya. Ta ɗauki waya. Ta kira Yaya, bai ɗaga ba. Ta kira Baba, layi a kashe. Sai ta nemo lambar likitan dabbobi da Yaya ya sa mata a waya, wadda ta rantse ba za ta taɓa bukata ba.

Likitar mace ce, muryarta a natse.

"Ku fitar da ita daga akwatin yanzu. Ku buɗe tagogi. Ku wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka. Mutum ɗaya ya riƙe kanta sama da ruwa, ɗaya ya wanke. Kada ruwa ya shiga bakinta. Sannan ku kawo ta. Ku zo da gwangwanin."

Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Yaya, inda ta saba tsayawa. Ta ja numfashi. Ta shiga.

Suka kai Igiya banɗaki. Auta ta tara ruwa a roba. Sabulu yana ta zamewa daga hannunta.

"Mama, ba zan iya riƙe kanta in wanke ba. Sai kin riƙe."

"Ni?"

"Babu kowa, Mama."

Mama ta duba bayanta, ko za a dace. Ba a dace ba. Ta cire awarwaronta, ta yi bisimilla, ta miƙa hannu biyu. Ta tallafi kan Igiya, ta runtse ido gam.

"Mama, buɗe idonki! Kanta zai nutse!"

Mama ta buɗe ido ɗaya.

"Yi sauri, 'yar nan. Ashe ma ba ta da santsi."

Auta ta wanke, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Ruwan ya cika da baƙaƙen ɗige-ɗige. Igiya tana ta karkarwa a hannun Mama. Mama ta ɗauko sabuwar rigar matashi da ta ɗinka jiya, suka sa ta a ciki, suka ɗaure bakin kamar jaka.

A titi suka tare tasi. Direban ya ga jakar tana motsi a cinyar Mama. Ya buɗe baki zai yi tambaya. Ya ga fuskar Mama a madubi. Ya fasa, ya taka mota.

A asibitin dabbobi akwai wani mutum da kare mai bandeji a ƙafa. Likita ta ce ya yi haƙuri, ta karɓi jakar. Ta karanta bayan gwangwanin, wato ƙananan rubutun nan. Ta auna Igiya a sikeli, ta yi mata allura, ta sa ta a wani akwati mai ɗumi.

Sannan ta juyo.

"'Yata, gaya mini komai daga farko. Kada ki rage. Abin da kika rage zai iya zama wanda nake bukata."

Auta ta faɗa. Ta faɗi itacen, da ruwan zafin da ba ta dafa ba, da ruwan kwanon da take zubarwa a ɓoye, da ƙaryar da ta yi wa Yaya, da tawul ɗin da ta rufa. Tana faɗa tana kuka. Mama tana sauraro, hannunta a haɓa.

Likita ta ɗauko ɗigo ɗaya a kan farar takarda, ta ɗora masa gilashin ƙara girma.

"Leƙa ki gani."

Auta ta leƙa. Wani baƙin abu ne mai ƙafafu, cikinsa a kumbure.

"'Yan uwan kaska ne, sai dai ƙanana," in ji likita. "Jinin maciji suke sha. Suna sa ƙwai a tsagar itace, inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa itacenki ya yi miki kyau. Ita kuma ta shige ruwa ne don ta nutsar da su. Tana gaya miki damuwarta, da irin bakin da take da shi."

"Su ne za su kashe ta?"

"Da kin kawo ta ranar da kika gan su, da aikin ɗan kaɗan ne. Yau ba ƙwarin nake tsoro ba. Maganin nake tsoro. Abin da ke kashe sauro yana taɓa jijiyoyin maciji."

"Za ta warke?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Wankan da kuka yi mata ya taimaka ƙwarai. Ku bar ta a nan. Gobe za mu gani."

Suka koma gida. Da yamma mai riga ta zo, ta tarar da hannu ɗaya ba a ɗinka ba. Mama ta ba ta haƙuri. Ba ta faɗi dalili ba, don ba kowane dalili ake yarda da shi ba.

Baba ya dawo ya ji labari. Wannan karon bai yi barkwanci ba. Yaya ya ga kiran da aka yi masa, ya bugo. Mama ta miƙa wa Auta wayar.

"Ke za ki gaya masa."

Auta ta gaya masa.

"Itacen kuskure ne," in ji Yaya. "Kowa yana yi. Amma na tambaye ki, Auta. Kika ce lafiyarta lau."

Wannan ya fi mata duka ciwo. Ta tura abincinta gefe, ba ta ci ba.

Da safe wayar Mama ta yi ƙara. Auta ta daskare a inda take. Mama ta saurara, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ajiye wayar a hankali. Ta gyara zaren keke, wanda ba ya bukatar gyara.

"Mama!"

"Wai ta juyo da kanta. Ta daina rawa. Ta zaro wa likita harshe."

Auta ta faɗa jikin Mama, har ta kusa kifar da kujera.

Sauran aikin ba shi da daɗin labari. Likita ta ce a zubar da duk shimfiɗar akwatin, da itacen, a ɗaure a leda a fitar waje. Auta ta wanke akwatin da ruwan zafi da sabulu, kusurwa-kusurwa, ta ɗauraye har warin feshin ya fita. Ta share ɗakin, ta wanke labule. Da Igiya ta yi ƙarfi, likita ta shafa mata maganin da ya dace da ita, wanda ta auna da hannunta.

"Kada ki shimfiɗa komai sai farar takarda," ta ce. "Baƙin ɗigo ba shi da wurin ɓuya a kan fari. Ƙwai za su ci gaba da ƙyanƙyashewa. Sai kin yi makonni kina dubawa."

A makaranta, Auta ta gaya wa abokin bencinta abin da itacen ya ɗauko. Ya tambayi kawunsa. Kawun ya ce ai shi ya sa zai yar. Ta kuma je ta gaya wa Malama wane irin ƙwari take nufi ranar nan.

"Da kin faɗa mini jimlar har ƙarshe," in ji Malama, "da ni ma na ƙarasa miki amsar."

Kowace safiya Auta tana cire takardar ta kai haske. Ranar farko Mama tana bakin ƙofa.

"Ga ɗaya can, a gefen hagu."

"Ina, Mama?"

"Mai zura zare a allura ba ta rasa wannan. Kawo nan."

Bayan 'yan kwanaki Mama ta daina cewa a kawo. Da kanta take shiga. Ta ce hasken ɗakin ya fi kyau. Babu wanda ya yi mata gardama.

Ɗige-ɗigen suka ragu, suka ragu, har aka daina ganin su. Wata safiya Auta ta tarar Igiya ta yi saɓa. Tsohuwar fatar tana kwance a gefe, ɗaya cur daga kai har jela. Sabuwar tana sheƙi. A ranar ta ci abincinta, ta shige kogonta, ta koma babban aikinta.

Saura magana ɗaya. Auta ta daɗe tana jin tsoronta. Ta je ta tsaya kusa da keke.

"Mama, kin ce ranar da ta jawo matsala za ta bar gidan."

"Na ce."

"Yaushe za ta tafi?"

Mama ta yanke zare da haƙori.

"Na yi ta lissafi, ban ga matsalar da ta jawo ba. Ita tana kwance a kwanonta. Wata ce ta kawo itace, wata ta ɓoye, wata ta yi feshi. Idan dokar zan bi, ba ita ce za ta haɗa kaya ba."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya daga bayan jarida.

"A bar mana su duka biyun," ya ce. "Mun riga mun saba."

"To, sun ci darajarka," in ji Mama. "Amma ki saurare ni, Auta. Ƙaramar matsala idan aka faɗe ta da wuri, ƙarama ce. Ɓoyewa ne ke ciyar da ita. Kuma magani ba abin gwaji ba ne. Ba a ba mutum ko dabba sai an tambayi wanda ya sani."

"Na gane, Mama. Ba zan ƙara ɓoye miki ba. Ko da zan sha faɗa."

"Faɗa kam za ki sha. Akwai wanda na ajiye miki tun ranar Asabar ɗin nan, ban taɓa shi ba." Mama ta ɗora ƙafa a kan keke. "Je ki canza wa Igiya ruwa tukuna."

Auta ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Ta juyo.

"Mama, da wane suna kika kira ta yanzu?"

Mama ta taka keken da ƙarfi. Wai ba ta ji ba.